Yadda A'i Mai Rabo Ta Karɓe Kyautarta

A Birnin Kudu akwai masu sana'ar da ake gani da ido, mahauta da maƙera da masu faci, akwai kuma A'i, wadda sana'arta tara mata. A Kiyako aka haife ta, aure ya kawo ta cikin gari. Ta yi ƙosai ta bari, ta yi kitso ta bari, sai da ta haura arba'in sannan ta gano baiwar da Allah ya yi mata. Wata shekara masu rabon gidan sauro suka kafa rumfa a filin firamare, suka zauna tun hantsi babu wadda ta leƙo. A'i tana wucewa da ƙullin niƙa a ka, ta tsaya ta dube su, ta sauke ƙullin ta shiga lungu. Kafin azahar sai da aka sa maza biyu tsaron ƙofa. Tun daga ranar, duk wanda ya sauko daga Dutse ko Kano da farar mota da takarda mai hoton uwa da jariri, gidan A'i ake nuna masa.

Dabararta ba ɓoyayya ba ce. Ba ta gaya wa mace abin da za a tattauna a taro, don ita ma ba kasafai take tambaya ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Gobe da hantsi a firamare, kuma na ga kwalaye a bayan motar." Washegari tabarmi su cika. A yi wa mata bayanin wanke hannu, ko tazarar haihuwa, ko noman zogale da suka tashi suka tarar a bayan ɗakin kakanninsu. In an gama a ce ko akwai mai tambaya, A'i ta miƙe a madadin kowa ta ce sun ji, sun fahimta, Allah ya saka da alheri. A ɗauki hoto. Baƙi su tafi da hoton, mata su tafi da sabulu, kowa ya sami abin da ya fito nema.

Rabon shi ne aikin gaske, kuma a nan ta yi suna. Ta san gidan da za a fara da shi da wanda zai biyo baya: matar mai unguwa, matar liman, ungozoma, tsofaffi, sannan sauran jama'a, gidanta kuwa can a ƙarshe, don mai rabon da ya fara da kansa ɓarawo ne mai lasisi. Sau ɗaya ta taɓa kuskure. A shekarar sabulun wanki ta tsallake Hajiya Ummussalma, matar mai unguwa, saboda Hajiyar ta tafi Kano jinyar ƙanwarta. Daga shuka har girbi Hajiya ba ta amsa gaisuwar A'i ba, in sun haɗu a gidan suna sai ta kama gyaran mayafi. Daga nan A'i ta riƙe dokoki biyu kamar farillan alwala: ba a tsallake gida, kuma abin da aka bayar ya bayu.

Mijinta Malam Ishiyaku direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da wata tsohuwar bas wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai da igiya. Mutum ne mai ƙarancin magana, abokin hirarsa rediyon motarsa. Shekaru talatin da ɗoriya suna tare bai taɓa cewa ta ajiye masa ko sabulu ɗaya daga cikin rabo ba. A'i takan ce da duk maza irinsa ne, da ƙungiyoyin agaji sun koma gida da kayansu.

Ana haka sai ga wasu masu bincike daga Kano, shugabarsu wata likita mai suna Zulfa, yarinya ce doguwa, a shekaru ba ta kai 'yar A'i ta biyu ba. Maganarsu a kan masu hatsarin mota ce. Akwai wani sabon maganin tsayar da zubar jini da suke son gwadawa, su ga ko ya fi wanda ake bayarwa tun da. Matsalar ita ce wanda aka kwaso daga titi jina-jina ba ya cikin hayyacin da za a ce masa ka yarda ko ba ka yarda ba, danginsa kuma suna gona ko kasuwa, jini ba ya jiran a nemo su. Don haka aka shar'anta musu su sanar da gari tukuna, su ji ta bakin jama'a, duk wanda bai yarda a gwada a kansa ba a ba shi wani jan awarwaro na roba ya riƙa sawa a hannu. In an kawo shi asibiti aka ga awarwaron, sai a yi masa maganin da aka saba, ba a sa shi a gwajin ba.

Gaskiya dai yarinyar ta yi ƙoƙari. Ta sa aka manna takardu a bangon tasha da kasuwa, takarda mai kauri, masu tsire suka yaba ƙwarai. Ta sa aka yi sanarwa a masallacin Juma'a bayan an sallame, daidai lokacin da kowa ke neman takalminsa. Ta ba da lambar waya wadda ake kira kyauta, aka kuwa kira, galibi don a ji ko suna ɗaukar ma'aikata. Ta shiga rediyo da hantsi ta yi bayani dalla-dalla, lokacin maza suna gona mata suna surfe. A tasha ta tara direbobi, tunda su ne masu abin, ba ta rufe baki ba shugabansu Alhaji Dabo ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce duk direbobin Birnin Kudu da Gwaram sun yarda ɗari bisa ɗari, har da waɗanda ke kan hanya. Aka tafa, aka sha lemo.

A duk faɗin garin, mutum ɗaya ne ya saurari shirin rediyon nan daga farko har ƙarshe, yana zaune a bas yana jiran lodi. Ranar da za a yi taron mata, da safe A'i tana ɗaura ɗankwali, Malam Ishiyaku ya tsaya a bakin ɗaki da mukullin mota a hannu.

Ya ce, "A'i, awarwaron nan da ake faɗa, ki taho mini da ɗaya."

Ta juyo ta dube shi. "Awarwaro, Malam? In haɗo maka da ɗankunne?"

Bai yi dariya ba. "Ina Kano shekarar sanƙarau, na ji abin da na ji a kan gwajin magani. Ban ce waɗannan ma haka suke ba, yarinyar ta yi magana mai ma'ana. Amma jikina ne. Ba na so a gwada komai a kansa ina kwance ban sani ba."

"To ai sun je tasha. Me ya hana ka karɓa a can?"

"Alhaji Dabo ya ce duk mun yarda. In tashi in ƙaryata shi a gaban baƙi?"

Wannan A'i ta gane shi sarai, ba ya bukatar ƙarin bayani. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, in awarwaro ne, a hannunta zai bi. Shi ne abu na farko da ya taɓa roƙonta daga kayan taro, har ta ji wani daɗi a ranta, ta tafi tana murmushi.

Filin firamare ya cika kamar kullum, don kowa ya ji labarin kwali. Likita Zulfa ta yi bayani da Hausa mai kyau, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ba su sani ba ko sabon maganin ya fi tsohon, da sun sani da ba sa gwaji. Ta ce kowa yana da ikon ya ƙi, kuma wanda ya ƙi ba za a rage masa kulawa ko ƙwayar zarra ba. Sannan ta ɗora kwalin a tebur ta buɗe ta ce duk wadda ba ta yarda ba, ko mijinta bai yarda ba, ta taso ta ɗauka.

Mata suka dubi juna. Yarinya ta taho tun daga Kano, ta gaishe su a durƙushe, ta kawo musu lemo, sai kuma wata ta tashi a gaban mata ɗari ta taka har tebur don ta nuna mata ba ta yarda da ita ba? Ko mahaukaciyar kasuwa ta fi haka tarbiyya. Mata suka yi ta kallon kwalin kamar kaza da ƙwai a bayan raga, babu wadda ta motsa.

A'i ta matsa kusa da likitar ta rage murya. "Likita, ba haka ake yi a nan ba. Kunyarki suke ji. Ki ba ni kwalin in bi gida-gida, kowa ya faɗi ra'ayinsa a cikin ɗakinsa."

Likita Zulfa ta ji daɗi har ta riƙe hannun A'i da hannu biyu. Ta ce wannan shi ne abin da littattafansu ke kira sauraron al'umma. Ta ƙara jaddada mata cewa sai wanda ya ƙi kaɗai za a ba, A'i ta ce ta ji, ta fahimta, Allah ya saka da alheri.

Kada a zalunce ta, a gidan farko ta yi bayani. Ta durƙusa gaban Hajiya Ummussalma ta ce wannan na wanda bai yarda ba ne.

Hajiya ta ce, "Bai yarda da me ba?"

"Da sabon maganin, in an yi hatsari, Allah ya kiyaye."

"Amin. Ni dai ajiye mini nawa, da na Alhaji, da na surukata." Ta zura hannu a kwalin ta ɗaga ɗaya tana dubawa a haske. "Ko halin naki na shekarar sabulu ne ya motsa?"

A'i ta ajiye uku. Kafin la'asar an ga jan abu a hannun matar mai unguwa, magana ta ƙare. Matar liman ta aiko a tambaya ko an daina sanin ƙofarsu ne. Ungozoma ta zo da kanta. A lungu na biyu A'i tana taƙaita bayanin, a na uku ta bar shi gaba ɗaya, tana sallama tana miƙawa. Ta san ma'anar abin, ba wai ba ta sani ba. Ta dai auna ne ta ga roba roba ce, maƙwabci kuwa da shi za a tashi gobe.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta yi ja. Maza suka ce awarwaro na mata ne, suka saƙala nasu a wuyan buta don kada a musanya musu a masallaci. Mata suka ɗaure bakin ledar kuka da daddawa. Wata ta sa wa akuyarta a ƙafa don a bambanta ta da ta maƙwabta. Har Gwaram abin ya kai, don duk wadda ke da 'ya a can sai da ta karɓar mata nata. Da za a bi ƙa'idar masu bincike, to a tarihin gwajin magani ba a taɓa samun garin da butocinsa da awakinsa suka ƙi yarda baki ɗaya kamar wannan ba.

Na Malam Ishiyaku kuwa yana nan, guda ɗaya tal da ya rage, ta ƙulle shi a bakin zani tunda gidan mai rabo ne ƙarshe. Tana hanyar gida da kwali wayam sai ta yi kiciɓis da Hajiya Ummussalma a ƙofar gidan mai niƙa.

"Yauwa A'i, dama ke nake nema. Filas ɗina kullum sai an musanya mini a gidan biki. Ba sauran ɗaya?"

A'i ta ɗaga kwalin ta kifa shi. Hajiya ba ta dubi kwalin ba, ƙullin bakin zanin ta duba. Idon matar mai unguwa ba ya kuskuren ƙulli. A'i ta tuna damina guda ta gaisuwar da ba a amsawa, ta kwance ta miƙa, har da cewa ba komai, Hajiya, ai naki ne.

Da magariba Malam Ishiyaku ya tambaya. Ta ce sun ƙare, amma za a kawo wasu. Ya dube ta kaɗan ya ce, "To," ya ɗauki butarsa, wadda ita kaɗai ce a masallacin ba ta da jan wuya.

Da Likita Zulfa ta dawo, akuyar ce ta fara tarbarta a bakin lungu. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙafar akuyar. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a tabarmar A'i ta dafe goshi. Ta ce ba za a sake fitar da ko ɗaya ba sai kwamitinsu na Kano ya zauna an sake tsari, kafin nan A'i ta taimaka ta bi ta karɓo daga hannun waɗanda ba ƙin yarda suke nufi ba.

A'i ta ce, "Likita, a garin nan ko yaron goye ka ba wa ƙosai ba ka karɓewa. So kike a sa ni a waƙa?"

"To akwai wanda kika san da gaske ya ƙi, bai samu ba? Ki faɗa mini, Inna, in san yadda zan yi."

Nan ne wurin faɗa. Malam Ishiyaku yana tasha, sunansa yana kan harshenta. Amma yaya za ta dubi baƙuwar da ke zaune a tabarmarta ta ce mata duk garin nan mutum ɗaya ne bai yarda da aikinki ba, kuma shi ne mai gidan da kike ciki? Ta ce babu, kowa lafiya lau, ta tura a sayo wa likita fura.

Kwamitin Kano ya yi abin da kwamiti ya saba, ya sa ranar zama ya ɗaga. Malam Ishiyaku ya sake tambaya sau ɗaya, bai ƙara ba. Kullum A'i tana wuce awarwaron nan a wuyan butoci da bakin leda, abin da ta raba da hannunta, ɗaya kawai take bukata, ta kasa buɗe baki ta ce wa kowa ba ni. Takan ce wa kanta mutumin da ya yi shekara talatin a hanyar Gwaram ko kaza bai taɓa takawa ba, ba bana zai fara ba.

Ranar wata kasuwar garin Sara da ke kan hanyar Gwaram, tsakiyar damina, an yi ruwa da safe titi yana santsi, tayar gaba ta fashe wa Malam Ishiyaku a gangara. Bas ɗin ta bar titi ta kwanta a rami. Fasinjoji suka fita da ƙujewa da karaya, shi kuwa ƙarfen gaba ya shige masa cinya. Kafin a zaro shi a kai asibiti ya daina amsa kira.

A'i tana tsakar gida tana tankaɗe aka zo aka faɗa mata. Ko da ta isa, matan unguwa sun riga ta, don labarin hatsari ya fi mai shi sauri. Sun shimfiɗa tabarmi a barandar ɗakin gaggawa, Hajiya Ummussalma a tsakiya da filas ɗin kunu a gabanta. Daga ciki ana jiyo Alhaji Dabo, wanda tsautsayi ya sa ya hau bas ɗin a ranar, ya karye a hannu, yana faɗa wai lallai sai an yi masa sabuwar allurar tunda shi ya fara yarda. Ma'aikaciyar jinya tana gaya masa shi ba jini yake zubarwa ba, kuma ga jan awarwaro nan a ɗaya hannun nasa. Ya ce wannan na mukullai ne.

Likita Zulfa ta fito ta kama hannun A'i ta ja ta gefe. Ta ce yana da rai, ana ƙara masa jini. Sannan ta ce, "Inna, da aka kawo shi mun duba hannunsa, babu komai. Mun sa shi a gwajin. An yi masa allurar farko, sauran yana cikin ruwan da aka ɗaura masa, zai ɗauki sa'o'i yana shiga. Yanzu da kika zo, ke ce mai magana. In kin ce a ci gaba, a ci gaba. In kin ce a tsaya, a tsaya."

A'i ta leƙa ta taga. Ga shi kwance, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka, hannunsa na dama a miƙe, wayam.

Ta ce, "Sabon aka sa masa?"

"Ni ma ban sani ba. Kwalaben iri ɗaya ne, da gangan ake yin haka don kada son rai ya shiga."

"In an cire, mutuwa zai yi?"

"Ba zan ce miki eh ba, ba zan ce miki a'a ba. In kin ce a tsaya, za mu koma kan wanda ake ba kowa tun da. Jini kuwa ana ƙara masa ko me kika ce."

A'i dai so take a ci gaba. A ganinta abin da aka taho da shi daga Kano a farar mota ba zai rasa fin na gida ba, kuma in da za a ce a zuba masa kwalba goma, ita ba ta ƙi ba. Ga likita a tsaye a gabanta, idonta ya yi ja don gajiya, tun da aka kawo mijin A'i take kansa. Bakin A'i ya buɗe da kansa ya kama hanyar da ya saba. "Mun ji, mun fahim..." Sai ta haɗiye sauran. Mutumin da ke kwance a can abu ɗaya ya taɓa roƙonta, kuma ba ita ya ce ta zaɓar masa ba, aike ya yi ta.

Ta juya ta fita baranda, ta tsaya a kan Hajiya Ummussalma. Ba ta durƙusa ba.

"Hajiya, ki ba ni awarwaron nan."

Hajiya ta ɗago. "Wanne?"

"Na wuyan filas."

"Wanda kika ba ni?"

"Shi."

Masu salati suka dakata, masu jajantawa suka bar magana a rabi. Hajiya ta dubi matan dama, ta dubi na hagu, don ta tabbata kowa ya ji.

Ta ce, "Ikon Allah. Na zo miki jaje da kununa, ashe ƙwace zan tarar. Gidan sauron ma in aiko miki da shi, ko sai kin zo da kanki?"

"Wannan kaɗai nake so."

Matar liman ta ce, "Haba A'i, ki yi haƙuri, tashin hankali ne. Ga nawa ma in kina so."

"Na filas ɗin nake so. Shi ne nasa."

Hajiya ta zare shi da yatsu biyu kamar mai cire ƙuda daga miya. Ba ta miƙa mata a hannu ba, ta yar a tabarma. A'i ta sunkuya a gaban matan da ta yi shekara ashirin tana jerawa a layi, ta ɗauka, ta shige ciki.

Ma'aikaciyar jinya ta so tare ta, likita ta ce a bar ta. A'i ta kama hannun mijinta ta zura masa awarwaron, yana ɗan danƙo da kunu, ta gyara shi ya zauna daidai a wuyan hannu.

Likita Zulfa ta ce, "Inna, da kin faɗa da baki ma ya isa."

"Bakin nan bai iya ba, 'yar nan. Shi ya ce ba ya so. Tun ranar taro ya aike ni."

"Na tambaye ki a gidanki."

"Kina kan tabarmata."

Likitar ba ta tsaya jan magana ba. Ta juya ta ce a sauke ruwan a ɗaura na kullum.

Malam Ishiyaku bai mutu ba. Ko allurar farkon ce ta taimaka, ko jinin da aka ƙara, ko kwanansa ne kawai bai ƙare ba, babu wanda ya sani, kuma duk wanda ya ce ya sani a cikin masu shayin tasha yake. Da ya farfaɗo ya ga jan abu a hannunsa, ya ce, "Ashe sun kawo." A'i ta ce sun kawo, ya sha kunu.

Likita ba ta bar shi a haka ba. Da ya ji ƙarfi ta ja kujera ta zauna ta gaya masa duk abin da aka yi, da lokacin da aka tsaya, da wadda ta sa aka tsaya. Ta ce saura tambaya ɗaya, ko ya yarda su riƙe bayanin jinyarsa a cikin bincikensu, ko a cire. Ya yi mata tambayoyin da suka fi na garin gaba ɗaya, wa zai gani, ina za a kai, me za a yi da shi, ta amsa duka. Ya juya awarwaron a hannunsa, sannan ya ce su riƙe, wataƙila ya amfani wani direban.

A'i da ke bakin gado ta ajiye kofi. "Malam, da ka san yarda za ka yi, ka bari na zubar da mutuncina a baranda?"

Ya ce, "Wancan ba a tambaye ni ba. Wannan an tambaye ni."

A'i ta tashi ta wanke kofin da ƙarfin da bai kamata a wanke kofi ba.

Labarin baranda ya riga ta isa gida. Taro na gaba da ta kira, na wasu masu koyar da murhun da ba ya hayaƙi, mata bakwai suka zo, biyu kurame ne. Aka ce wa zai karɓi abu a hannun A'i, gobe ta tare ka a gaban jama'a ta ce kawo. Ba a daɗe ba rabo ya koma hannun Hidaya, ƙanwar Hajiya Ummussalma, wadda ke farawa da gidansu ta ƙare da gidansu, ba a kuma ji wanda ya yi ƙorafi ba. Masu binciken kuwa kwamitinsu ya zauna a ƙarshe. Aka canza launin awarwaron, aka ajiye mutum a wani ɗan ɗaki a bayan kemis, mai so ya shiga shi kaɗai a yi masa bayani ya fito ba wanda ya gan shi. Waɗanda suka karɓa ba su kai yatsun hannu biyu ba. Aka aiko wa Malam Ishiyaku da sabon, ya ce na hannunsa ya ishe shi.

A'i ta koma ƙosai a ƙofar gida. In farar mota ta tsaya ana tambayar gidan A'i Mai Rabo, takan nuna musu ƙofar Hidaya da matsami, ta ci gaba da juya kasko. Filas ɗin Hajiya an musanya shi a sunan farko da aka yi bayan nan, kuma har yau in an taɓo zancen ta san wadda take ɗora wa.

Malam Ishiyaku ya bar tuƙi, ƙafar ta gajarce. Yana zama a benci a tasha yana kiran Gwaram, Gwaram, saura mutum biyu. An gama gwajin tuni, masu farar mota sun koma Kano, robar ta koɗe ta zama ruwan ƙasa, amma tana hannunsa, da ita yake alwala. Direbobi suna tsokanarsa da amarya. A'i ta ce masa ya cire abin nan haka nan, aikinsa ya wuce, yana sa ana tuna mata. Ya ce shi bai cika son mayar da kyauta ba.